Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda ake gina ƙarfin ɗan kokowa

Kowace shekara, da zarar an kai hatsi rumbu, sanyi ya fara shigowa, hankalin ƴan Nijar yakan koma wuri guda, wato filin kokowa. Ƴan kokowa 80 ne ke haɗuwa domin neman takobi, goma-goma daga kowace jaha cikin jahohi takwas na ƙasa. Jama'a suna jin kiɗa da kirari, suna ganin layu da guraye, suna ganin kaye. Abin da ba su gani shi ne watannin da suka gabata, alhali kuwa a cikinsu ne ake cin takobi ko a rasa shi. Me ilimin horon jiki ya tabbatar game da waɗannan watanni, kuma me ɗan kokowa na ƙauye zai iya yi da shi?

Tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maradi ya ɗauki takobi, kokowa ta zama babban wasan ƙasar nan. Sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade Zambo na Tawa har yanzu suna bakin dattawa, kamar yadda sunan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, yake bakin matasa, shi da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023.

Sai dai mu dubi abin da gasar ke nema daga jikin mutum. Ana ɗaukar kamar kwana goma ana yin ta. Kowace jaha sai ta kara da sauran bakwai, ke nan kusan kullum ɗan kokowa yana cikin fili. Kaye guda ya isa ya raba shi da takobi. Kuma ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi, mai kilo 80 yana iya samun kansa gaban mai kilo 120. To, a wurare da yawa shirin wannan babban aiki bai wuce makwanni kaɗan ba: a yi zaɓe, a killace waɗanda aka zaɓa, a sa su gudu da safe, kamu da marece, a cika su da nama da madara. Niyyar mai kyau ce, amma jikin ɗan Adam yana da ƙa'idodinsa, kuma ba ya sauri domin ranar gasa ta matso.

Ɗan maraƙin Milon

Ƙa'ida ta farko daga wurin ɗan kokowa aka samo misalinta. Fiye da shekara 2500 da suka wuce, an yi wani Bagirke mai suna Milon, mutumin garin Kroton da ke kudancin Italiya ta yau, wanda ya ci kokowa sau shida a wasannin Olampik na zamanin da. Labarin da ake bayarwa shi ne, ya ɗauki ɗan maraƙi bisa kafaɗa yana yawo da shi kullum. Maraƙi na girma, ƙarfin Milon na ƙaruwa, har ranar da aka gan shi ɗauke da bijimi. Ko labarin tatsuniya ce, darasin gaskiya ne: jiki yana ƙara ƙarfi ne idan an ɗora masa abin da ya ɗara wanda ya saba da shi, kaɗan-kaɗan, ba tare da yankewa ba.

Wanda ya fara auna wannan abu a asibiti wani likitan soja ne na Amurka, Thomas DeLorme. A 1945 ya bayyana yadda ya warkar da sojojin da suka ji rauni a gwiwa ta hanyar sa su ɗaga nauyi mai ƙaruwa, a lokacin da sauran likitoci ke ba su hutu da ɗan motsi mara nauyi. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka fito da tsarin da har yau ake amfani da shi: zubi uku, kowane zubi ɗagawa goma, ana farawa da rabin nauyi a ƙare da cikakkensa.

Masu horo na yau suna aunawa da nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak. A ce ɗan kokowa yana iya tsugunawa ya miƙe da kilo 100 a kafaɗa sau ɗaya. Idan ƙarfi tsantsa ake nema, sai ya ɗauki kamar kilo 85, ya yi sau 3 zuwa 5, ya huta minti 3 zuwa 5, ya sake. Idan kaurin tsoka ake nema, sai ya ɗauki kamar kilo 70, ya yi sau 8 zuwa 12, ya huta minti 1 zuwa 2. Idan jimiri ake nema, sai a rage nauyi ƙwarai, a wuce sau 15. Ranar da ya ga yana iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu bisa abin da aka ɗora masa, lokacin ƙari ya yi, kuma ƙarin ya tsaya tsakanin kashi 2 da kashi 10 cikin ɗari. Wanda ba shi da ƙarfen ɗagawa yana da buhu: tiya guda ta hatsi ba ta wuce kilo 2 da rabi zuwa 3 ba, ƙara tiya ɗaya a buhu duk sati ko sati biyu shi ne ɗan maraƙin Milon.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Me ya sa makwanni uku ko huɗu ba su isa ba? Amsar tana cikin yadda jiki ke karɓar horo, domin mataki-mataki yake yi.

Tsoka ba ta motsi sai da umurnin ƙwaƙwalwa, wanda ke biyowa ta jijiyoyin saƙo. Mutumin da bai saba ɗaga nauyi ba, ba ya iya tada dukkan zaruruwan tsokarsa a lokaci guda. A makwannin farko na horo, abin da ke canzawa shi ne wannan umurni: ƙwaƙwalwa tana koyon kiran zaruruwa masu yawa, da sauri, kuma a tare. Masu bincike biyu, Moritani da deVries, sun nuna haka a 1979, inda suka ga ƙarfin da ake samu a makwanni uku zuwa biyar na farko mafi yawansa daga jijiyoyi yake, sai daga baya ne kaurin tsoka ke karɓar aikin. Shi ya sa sabon shiga yakan ga ƙarfinsa ya ƙaru alhali damtsensa yana nan yadda yake.

Kaurin tsoka na sosai yana son wata biyu zuwa uku kafin ido ya gan shi. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, da waɗanda ke riƙe gwiwa da kafaɗa, sun fi tsoka jinkiri, domin jini kaɗan ke kai gare su. Ƙashi kuma ya fi su duka jinkiri. A nan haɗarin yake. Idan an matsa wa mutum horo mai tsanani cikin ɗan lokaci, ƙarfin jan tsoka yana ƙaruwa kafin abin da ke riƙe ta ya yi ƙwari, kamar a ɗaura babban guga a tsohuwar igiya. Targaɗe da gocewar kafaɗa da ciwon gwiwa da ke raba ɗan kokowa da fili tun yana da sauran ƙuruciya, sau da yawa daga nan suke farawa.

Jiki yana ƙwarewa a abin da aka saba masa

Wani zai ce: ai ƴan kokowarmu manoma ne, masu jan ruwa a rijiya mai gaba da yawa, masu yin tubali da dakon buhu, wane horo ya fi wannan? Gaskiya ne aikin ƙarfi ya ba su tushen da ɗan birni ba shi da shi, musamman ƙarfin riƙo da na baya. Amma ƙa'ida ta biyu ta ce jiki yana ƙwarewa ne a daidai irin aikin da aka saba masa. Wanda ya yini yana noma da hauya ya koya wa jikinsa ƙaramin ƙarfi na dogon lokaci. Kokowa kuwa tana neman dukkan ƙarfi cikin ƙiftawar ido, bayan an daɗe ana turereniya.

Jiki yana da rumbu uku da yake ɗibar kuzari daga ciki. Na farko wani sinadari ne da ke ajiye cikin tsoka, mai suna fosfokireyatin. Shi ke ba da ƙarfin sunkutar mutum a kai shi ƙasa, amma cikin daƙiƙa goma ya kusa ƙarewa, kuma yana son minti 3 zuwa 5 kafin ya sake cika. Na biyu sukari ne da jiki ke ƙonawa da gaggawa, wanda ke ɗaukar aiki mai tsanani har zuwa kamar minti biyu, shi ne lokacin da hannuwa ke yin nauyi, cinyoyi su ɗauki zafi. Na uku shi ne wanda ke aiki da iskar da huhu ke shaƙa. Ba shi da gaggawa, amma shi ke daɗewa, kuma shi ke sake cika na farko tsakanin hari da hari. Ɗan kokowa yana bukatar dukkan ukun, kowane da irin horonsa.

Domin ƙarfi, motsi biyar sun wadatar: tsuguno da nauyi a kafaɗa, ɗaga nauyi daga ƙasa da baya a miƙe, jan jiki sama a reshe ko ƙarfe, tura nauyi sama da kai, da tafiya ɗauke da kaya, kamar jarkar ruwa mai lita 25 a kowane hannu. A ƙara da horon wuya, tun da kai da kai ake haɗawa a kokowa. Domin zafin nama, wato ƙarfi mai sauri, akwai tsalle, da jifa da buhun rairayi, da gajeren gudu na mita 20 zuwa 30 da dukkan ƙarfi. Wani malamin horo na Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, ya yi suna a shekarun 1960 da tsallen da ake dirowa daga bisa wani abu a sake zabura nan take. Horo ne mai amfani, sai dai na wanda ya riga ya gina ƙarfin ƙafa ne, ba na sabon shiga ba. Domin rumbu na biyu, a yi kamu mai tsanani na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya da abokin horo, a huta kaɗan, a sake, sau da yawa.

Dogon gudu fa? Yana da wurinsa, amma da iyaka. A 1980 wani mai bincike a Amurka, Robert Hickson, ya sa wasu mutane ɗaga nauyi kaɗai, wasu kuma ɗaga nauyi tare da gudu da tuƙa keke mai yawa, har mako goma. Da farko ƙarfinsu ya tafi tare, amma wajen mako na bakwai na masu haɗawa ya tsaya, daga baya ma ya ragu. Ke nan sa ƙaton ɗan kokowa gudun kilomita goma kowace safiya, kwanaki kaɗan kafin gasa, rage masa abin da ya zo da shi ne. Gudu na minti 30 zuwa 40 sau biyu ko uku a mako, nesa da lokacin gasa, ya isa.

A cikin hutu ƙarfi ke shiga

Ƙa'ida ta uku ita ce aka fi takawa, domin a wurinmu mai hutawa rago ne. A 1936 wani likita mai bincike a Montireyal ta ƙasar Kanada, Hans Selye, ya bayyana yadda jikin mai rai ke amsa kowace irin wahala: da farko ya girgiza, sannan ya saba ya ƙara ƙwari, amma idan wahalar ta ci gaba ba sassauci sai ya durƙushe. Masu horon wasanni sun ɗauki wannan bayani suka gina aikinsu a kansa. Lokacin horo, jiki raguwa yake yi: rumbunan kuzari suna ƙarewa, zaruruwan tsoka suna samun ƙananan raunuka. A lokacin hutu ne yake gyara ɓarnar, har ya ɗan ƙara bisa yadda yake a da. Idan horo na gaba ya zo bayan gyaran, an ci riba. Idan ya zo kafin gyaran, kullum, to bashi ake tarawa.

A aikace, tsokar da aka yi wa horo mai nauyi tana son kamar awa 48 kafin a sake matsa mata. Horon nauyi sau biyu ko uku a mako ya isa, a sa kwanaki masu sauƙi a tsakani, a bar rana guda cur ba horo. Duk mako na huɗu a rage aiki. Barci kuwa shi ne babban maganin da ba a saye: awa 7 zuwa 9 a dare, da ɗan ƙailula idan hali ya yi. Ɗan kokowar da ke hira da shan shayi har tsakar dare a wurin da aka killace su, yana zubar da rabin abin da ya wahala a kansa da rana.

Jiki yana faɗin lokacin da aka wuce gona da iri. Nauyin da aka saba ɗagawa ya gagara, barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita kai, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, mura ta yawaita. Akwai awo mai sauƙi: a ƙirga bugun zuciya na minti guda kowace safiya kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura yadda aka saba kwana biyu ko uku a jere, hutu ake bukata, ko ganin likita. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro kuma kada ya koma horo mai nauyi kai tsaye, domin cutar tana rage jini.

Raba shekara kamar yadda manomi ke raba ta

Ba mai iya zama kan ganiyar ƙarfinsa wata goma sha biyu. A shekarun 1960, Lev Matveyev na Tarayyar Sobiyet, bayan ya bi diddigin horon manyan ƴan wasan ƙasarsa, ya tsara hanyar raba shekara gida-gida: lokacin shiri, lokacin gasa, lokacin sararawa. A farkon shiri aiki yana da yawa amma ba tsanani, yayin da gasa ke matsowa yawan yana raguwa, tsananin yana ƙaruwa. Manomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, ya san akwai lokacin sharar gona, da na shuka, da na noma, da na girbi, kuma ba a haɗa su rana guda.

A ce gasar takobi za ta faɗo ƙarshen Disamba, kamar yadda aka yi a shekarun baya-bayan nan. Janairu na hutu ne da jinyar raunuka. Daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, a gina tsoka da ƙarfi, da asuba kafin rana ta ɗaga, domin a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Tawa da Yamai. Daga Yuni zuwa Satumba gona ce ke ba da jimiri, sai a kiyaye ƙarfin da aka tara. A nan ƙa'ida ta huɗu ke shigowa: abin da aka bari yana zubewa. Jimirin numfashi yana fara raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu idan an daina aiki, ƙarfi yana ɗan fi shi daɗewa. Abin farin ciki shi ne, riƙe ƙarfi ya fi samunsa sauƙi: zama ɗaya ko biyu a mako, gajere, muddin ba a rage nauyin ba, yana riƙe shi tsawon damina. Oktoba da Nuwamba, bayan girbi, na nauyi mai tsanani ne da zafin nama da kamu, kuma kokowar ƙauyuka ta kaka ta zo daidai wurin gwaji.

Sai makwanni biyu na ƙarshe, waɗanda a cikinsu ake yawan yin kuskure. Binciken da aka tattara a 2007 kan ƴan wasa da yawa ya nuna cewa abin da ya fi ba da sakamako shi ne a rage yawan horo da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na kamar mako biyu, ba tare da an rage tsananinsa ba. Gajiya tana fita, ƙarfi yana nan. Ke nan killace ƴan kokowa dab da gasa lokaci ne na gyaran dabara, da nazarin abokan karawa, da hutawa. Wanda ya zo wurin ba shiri, ba a nan zai samu ba, wanda kuma ya zo da shirinsa, ana iya lalata masa shi.

Tuwo, wake da ruwa

Magini ba ya gini ba ƙasa. Tsoka tana ginuwa da furotin, wato abinci mai gina jiki, kuma abin da masana suka tsayar ga ɗan wasa shi ne giram 1,2 zuwa giram 2 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 90, idan an ɗauki giram 1,6, yana bukatar kamar giram 144. Ba sai an yanka rago ba. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, litar madara fiye da giram 30, giram 100 na busasshen wake kamar giram 23, gyaɗa kamar 25, gero kansa kamar 11. Ga ƙuli-ƙuli, ga cuku, ga kilishi, ga fara, ga kifi ga mutanen bakin kogi da na Difa. An fi amfana idan an raba shi sau uku ko huɗu a yini, maimakon a tara shi a akushi guda. Tuwo da fura da shinkafa su ne ke cika rumbun sukari na tsoka, kada a rage su lokacin horo mai yawa.

Ruwa kuwa a ƙasa irin tamu ba abin wasa ba ne. Mai horo cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta zufa a awa guda, kuma da zarar mutum ya rasa kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, aikinsa ya fara raguwa. Ga mai kilo 90, hakan bai kai kilo biyu ba. A hau sikeli kafin horo da bayansa: kowane kilo da ya ragu ruwa ne, a mayar da kamar lita ɗaya da rabi a madadinsa, sannu a hankali, tare da abinci mai gishiri. Inda ba sikeli, a dubi fitsari, idan ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci. Wanda zai yi gasa a wurin da ya fi garinsu zafi yana son kwana 10 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba. Cikin azumi, a mayar da horo mai nauyi bayan buɗa baki.

Gajeriyar hanya mai kai wa rami

Ba za a yi wannan magana a tsallake ƙwaya ba. Tramol, wanda ya zama annoba tsakanin masu aikin ƙarfi, ba ya ƙara wa tsoka komi. Yana rufe bakin ciwo ne kawai, alhali ciwo shi ne mai gargaɗi. Mai sha yana ci gaba da murza gwiwar da ta riga ta lalace, ga kamu da jaraba, ga faɗuwa irin ta farfaɗiya idan an sha da yawa. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, wadda ake kira AMA da Faransanci, ta haramta shi a lokacin gasa tun ranar 1 ga Janairu 2024. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kan tebur, irin su dekzametazon, ruwa da kitse suke tarawa, tsoka kuwa cinye ta suke yi. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka suna taɓa zuciya da hanta, suna kuma rage haihuwa.

Abin da ke kare jiki da gaske ba shi da tsada. Wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, da aka gwada a Norwe a kan ƴan mata matasa masu ƙwallon ƙafa kusan 1900, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ya rage raunuka da kamar kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma motsin da ake kira Nordik: mutum ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyawa gaba a hankali da jiki a miƙe, yana hana kansa faɗuwa. Binciken da aka tattara a 2019 kan ƴan wasa fiye da 8000 ya nuna yana rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi. Tabarma da aboki kaɗai yake bukata.

Yara kuma, saɓanin abin da ake faɗi, horon ƙarfi ba ya hana su tsawo idan akwai mai kula da su, nauyin kuma daidai da su. Su fara da nauyin jikinsu, su ƙware a yadda ake motsi, nauyi ya biyo baya. Ƙa'ida ta ƙarshe ke nan: kowa da ma'auninsa. Abin da ya yi wa ɗan shekara 22 daidai yana iya karya ɗan shekara 35, kuma kwaikwayon horon sarkin fili ba ya mayar da mutum sarkin fili.

Abin da ya rage gare mu

Tun da Nijar ta fara zuwa wasannin Olampik, lamba biyu ta samu: tagullar Isaka Dabore a damben zamani a Munik a 1972, da azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a takwando a Riyo a 2016, shi da ya zama zakaran duniya a 2017 a Koriya ta Kudu. Shekara 44 ce tsakanin lambobin biyu, kuma Alfaga a Jamus ya yi horon da ya kai shi can. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san ba jiki ko zuciya muka rasa ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Kowace jaha ta san ƴan kokowarta tun farkon shekara, maimakon ta neme su wata guda kafin gasa. Malaman wasanni da makarantar INJS ta Yamai ke yayewa, waɗanda ke koyarwa a lakwal-lakwal na jahohi, a haɗa su da tsofaffin ƴan kokowa, wannan ya kawo ilimin jiki, wancan ya kawo dabarar fili. Likita ya duba zuciya da jinin kowane ɗan kokowa kafin a fara shiri, har da gwajin amosanin jini. Kuɗin da ake kashewa cikin makwanni uku, a raba wani kashi nasa bisa watanni. Kowane ɗan kokowa kuma ya mallaki ɗan littafi na dala kaɗan, ya riƙa rubuta ko a rubuta masa nauyin da ya ɗaga, da sau nawa, da awannin da ya yi barci, domin abin da ba a auna ba, ba a san ko yana ƙaruwa ba.

Makaɗa za su ci gaba da kiɗa, malamai za su ci gaba da addu'a, kuma nasara ta Allah ce. Amma yaron da ke kokowa yau a dandalin ƙauye cikin Gobir ko Adar ko Damagaram, wanda ke mafarkin takobi, ya cancanci a gaya masa gaskiya tun da wuri: ya fara da ɗan maraƙi, ya ƙara kaɗan-kaɗan, ya ci, ya sha ruwa, ya yi barci, ya ba jikinsa watannin da yake nema.